Sanyi yana shigo min ta tagogin motar kwana, wane murfi zan yi da zan riƙa cirewa da safe?

Baban_Hanif

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasashen sanyi, musamman wanda ya san harkar motar kwana. Ni ina Jamus, aikinmu haɗa injina ne a masana'antu, wannan satin muna nan wani satin an tura mu wani gari, kuɗin masauki ya isheni shi yasa na sayi tsohuwar Fiat Ducato irin wadda aka mayar da bayanta ɗaki, da gado da ɗan kicin da hita ta dizal. Lokacin zafi wallahi ba ni da kuka da ita. Amma tunda Nuwamba ta kama abin ya canza, hita tana aiki lafiya lau tsakiyar motar da ɗumi, sai dai gadon yana jikin ƙofofin baya ne kuma tagogi biyu ne a saitin kaina, duk dare sanyi yake zubo min a wuya da kafaɗa har na fara tashi da mura. Sannan da asuba in na tashi salla sai in tarar gilashin gaba ya jiƙe sharkaf ta ciki ruwa yana gangarowa kan dashbod, ranar da sanyin ya tsananta ma ƙanƙara ce take kamawa ta ciki sai na kankare kafin in tuƙa.

Ga yadda tagogin suke: gilashin gaba da na ƙofar direba da ta mai zaman banza, sai biyu na ƙofofin baya, duk gilashi ne falle ɗaya irin na kowace mota. Akwai ɗaya a ƙofar gefe, ita ta roba ce mai ninki biyu da ake turawa waje, sai kuma tagar rufi. Na rataya bargo a baya ya ɗan rage amma sanyin yana biyowa ta ƙasansa. Abin da nake so shine murfin da zan saka da dare in cire da safe cikin minti kaɗan tunda kullum ina tuƙa motar, bana son gam bana son huda jikin mota. Akwai na kanti amma kuɗinsu ba wasa ba. Me kuke amfani da shi?

Dan_Winnipeg

Wa alaikumus salam Baban Hanif, sannu da fama. Nan Manitoba muna ganin digiri 30 ƙasa da sifiri a Janairu, to wannan matsalar mun santa sosai.

Kafin ka kashe ko yuro ɗaya ka fara gano wane irin sanyi ne yake dukanka domin iri biyu ne kuma maganinsu daban. Akwai iskar waje da take kutsowa ta wajen robar ƙofa ko ta taga idan robar ta tsufa ta bushe. Akwai kuma wanda ba daga waje yake ba sam, iskar cikin motar ce take taɓa gilashi mai sanyi sai ta huce ta yi nauyi ta gangaro ƙasa, wata mai ɗumi ta maye gurbinta ita ma ta huce ta gangaro, haka za a kwana ana yi. Kai da kake kwance a ƙarƙashin tagar sai ka rantse akwai rami a wajen alhali babu. Shi yasa bargonka bai yi maka ba, sama a buɗe ƙasa a buɗe, iska tana shiga ta sama tana fitowa ta ƙasa da sanyinta daidai kan wuyanka.

Gwajin ba wuya. Ranar da ake iska ka rufe ko ina ka kashe hita da fanka, ka kunna turaren tsinke ka bi gefen ƙofofin baya da shi a hankali har ƙasa wajen da ƙofofin biyu suke haɗuwa. Inda hayaƙin ya karkace ko ya watse to nan ne. Sannan ka samu takarda ka datse ta a ƙofa ka ja, in ta zare salin alin robar wajen ta mutu. Wannan a canza roba ne kawai, duk murfin da za ka yi wa taga ba zai gyara shi ba.

Game da murfin kuwa, ka samu kwali ka danna shi a jikin ramin tagar ka zana ka yanke har sai ya zauna daidai, shine ma'auninka. Sai ka ɗora shi a kan soso ka yanka amma ka ƙara kamar santimita 1 a kowane gefe domin ya shiga da ƙyar ya matse kansa. Sosan kuma ba irin na katifa ba, wancan yana shan ruwa kwana kaɗan zai fara wari. Ka nemi wanda ba ya shan ruwa, irin tabarmar soso da masu kwanan daji suke shimfiɗawa ana samunta da araha a kantin kayan wasanni na Decathlon, ko Armaflex na milimita 19 wanda masu gyaran irin motarka a can Jamus suke yawan aiki da shi, ka ce musu marar gam a baya kake so. Abin da nake so ka riƙe shine gefen murfin ya fi kaurinsa muhimmanci. Soso siriri da ya rufe gefe ruf ya fi mai kauri da ya bar ƙofar yatsa ɗaya.

Abba_KD

Slm. nidai a ganina basai ka wahalar da kanka ba yallabai, wannan abin mai kyalli da muke sawa a gilashin mota saboda rana shi zaka siya manya guda uku ko hudu ka yanka daidai tagogin ka makala da robar nan mai tsotsar gilashi shikenan, yanada araha kuma baya da nauyi zaka nadeshi ka jefa karkashin gado. wani abokina direban tirela haka yakeyi idan sanyin Jos ya kamashi a hanya kuma yace yana taimakawa

Dan_Winnipeg

Abba yana taimakawa ɗin kam, ba musu, ya fi babu. Amma sanyin Jos da na Jamus ba ɗaya ba ne, kuma shi abin ƙyallin nan an yi shi ne domin ya mayar da hasken rana baya. Nan wajenmu akwai wanda ya fi shi kauri ana ce masa Reflectix, leda ce mai ƙwayoyin iska an lulluɓe ta da alminiyam ciki da waje, kowa shi yake fara saya. In ka manna shi a jikin gilashi kai tsaye abin da yake tarewa kaɗan ne, sosan gini mai tauri na inci 1 ya ninka shi kusan sau biyar. Ƙyallin ba ya aiki sai akwai sarari na iska a gabansa kamar santimita 2, da zarar ya taɓa wani abu ya zama leda kawai. To in za a yi amfani da shi a haɗa shi da soso, ɓangaren ƙyallin ya kalli inda akwai sarari.

Ita kuma robar tsotsar gilashi in sanyi ya yi tana taurarewa, ga gilashin yana jiƙa, tsakar dare za ka ji murfin ya faɗo maka a fuska.

Maman_Ilham

Sannunku da ƙoƙari. Ni tela ce a Manchester kuma na ɗinka wa maigidana irin wannan na motarsa, bari in faɗi ta ɓangaren ɗinki tunda shi na sani.

Baban Hanif ka fara ɗaukar maganaɗisun da ake maƙalawa a firji ka gwada a gefen tagogin baya. In ƙarfen ƙofar a fili yake ba a rufe shi da katako ko roba ba zai kama, to ka huta domin maganaɗisu ya fi komai sauƙin sakawa da cirewa kuma ba ya barin tabo. Velcro, abin maƙalewar nan irin na takalmin yara, mai gam a baya ban ba ka shawara ba, da sanyi da danshi gam ɗin yana sakewa, da zafi kuma ya narke ya bar maka dauɗa a fenti.

Yadda nake yi falle uku ne. Na waje wanda zai kalli gilashi yadi ne da ruwa ba ya ratsa shi irin na tanti ko na laima, baƙi nake sawa domin daga waje sai a ɗauka gilashin ne mai duhu, mai ƙyalli kuwa kowa ya wuce ya san akwai mutum a ciki. Na tsakiya shine abin ɗumin, ni Thinsulate nake sawa irin wanda ake cusawa a rigunan sanyi saboda yana naɗuwa kuma keke yana cinsa ba gardama, amma sosan da Dan Winnipeg ya faɗa shima ya yi in bai cika kauri ba. Na ciki kuma duk yadin da ranka yake so, ni ragowar atamfa na sa. Bambancinsa da na dannawa a rami shine wannan ya fi tagar girma, ka bar santimita 4 zuwa 5 a kowane gefe domin ya hau kan ƙarfen ya kwanta.

Maganaɗisun ka sayi ƙananan nan masu ƙarfi da ake kira neodymium, masu faɗi kamar kwabo, a jera su a cikin kalmasa tazarar kamar santimita 15, kowace kusurwa lallai a sa ɗaya, kuma ƙasan murfin a ƙara matso da su domin ta nan sanyin yake zubowa. Kowane ɗaya a yi masa ɗan aljihunsa a ɗinke hagu da dama in ba haka ba duk za su tattaru waje ɗaya su manne da juna. Yadi falle ɗaya kawai ya raba shi da ƙarfe, in ka binne shi a bayan soso ƙarfinsa ya tafi. Kuma duk su kalli gefe ɗaya, ka sa musu alama da alƙalamin maka kafin a fara. Wanda zai ɗinka ya yi haƙuri domin suna kama farantin keke suna karya allura, ni sai na gama komai nake zura su ɗaya bayan ɗaya ina rufe bakin aljihun.

Abu biyu kuma. Ka sa a yi layin ɗinki a kwance biyu ko uku a jikin murfin, da rana sai ka naɗe rabi sama haske ya shigo ba sai ka cire duka ba. Sannan dan Allah in Hanif yana shiga motar a kula da maganaɗisun nan kafin a ɗinke su, yaro in ya haɗiye biyu suna iya manne hanjinsa ta ciki, abin sai tiyata. A ƙirga su kafin aiki a ƙirga bayan aiki.

In ba ka da tela kusa kar wannan ya hana ka, na dannawar ma ya isa ka fara da shi yau, sai ka lulluɓe gefensa da salatif mai faɗi kada ya marmashe.

Dan_Damagaram

Salamu alaikum. Ni ina Beljik, na yi shekaru ina aikin shofaj, wato na'urorin ɗumama gidaje. Abin da 'yan uwa suka faɗa a kan tagogin baya daidai ne ba ni da ƙari. Amma ba wanda ya taɓo maganar ruwan da ke jiƙa gilashin gaba, kuma ni a wurina ita ce babba, domin in ba a fahimce ta ba murfin nan zai iya ƙara ta.

Ruwan nan daga jikinka yake fitowa Malam, numfashinka na dare, da tururin shayi da girki, da rigar aiki da takalmi da ka shigo da su a jiƙe, har tawul ɗin alwala. In kana girki da gas to shi kansa gas ɗin ruwa yake haifarwa, kilo 1 na furofen in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska. Iska mai ɗumi tana riƙe ruwan ba ka gani, da ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi, kamar dai kwalbar lemo in ka fito da ita daga firji ka ga ta yi gumi. In cikin motarka yana digiri 20 danshi kuma kashi 60 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 12 zai jiƙe. Gilashin gaba da daren Disamba ai ya wuce nan nesa.

To ka duba, in ka sa murfi ta ciki ka raba gilashin da ɗumin hita kenan, zai ƙara yin sanyi fiye da da. In gefen bai rufe ba iska mai danshi ta lallaɓa ta bayansa, ruwan da za ka tarar da safe sai ya fi na yanzu, kuma yanzu a ɓoye yake yana gangarawa cikin ƙofa da bayan dashbod, daga nan sai tsatsa da fumfuna. Shi ya sa na gilashin gaba ni na waje nake ba da shawara, bargon nan mai hana ruwa da ake lulluɓa wa gilashin gaba da na ƙofofi biyu gaba ɗaya, ana maƙala kusurwoyinsa a saman ƙofa a rufe ƙofar a kai. Da yake ta waje yake gilashin yana zama a ɓangaren ɗumi, sai ka wayi gari a bushe ciki, waje kuma ba ƙanƙarar kankarewa. Na Ducato ba wuyar samu tunda motocin kwana da yawa na Turai a kanta ake gina su, har na hannu ana samu. In akwai waje ɗaya da za ka kashe kuɗi to nan ne. Gilashi falle ɗaya murabba'in mita guda yana zubar da zafi sama da wat 100 in bambancin ciki da waje ya kai digiri 20, kuma na gaban motarka in ka haɗa su sun haura murabba'in mita 2, ƙaramar hitar gazuwal, wato dizal, kuwa wat 2000 ce gaba ɗayanta.

Aibinsa shine sai ka fita waje ka cire shi, yana jiƙa sai ka samo masa babbar leda, kuma duk mai wucewa ya san kwana kake. In wurin da kake tsayawa bai dace da haka ba sai ka yi labule mai kauri a bayan kujeru daga rufi har ƙasa ya taɓa daɓe, gefe da gefe a maƙale, ka yanke gaban motar daga ɗakin kwana, ka ɗan sassauta gilashin ƙofa kamar yatsa guda.

Tagar robar nan ta gefe ka bi ta a hankali. Ita ninki biyu ce dama ta fi sauran riƙe ɗumi, murfi mara nauyi ya ishe ta. Kar ka manna mata salatif, kar ka goge ta da abin wanke gilashi mai sinadarin alkohol domin yana sa ta tsattsage, kuma kar ka bar abu mai ƙyalli a manne a bayanta in rana ta fito sosai, zafi yana taruwa a tsakani har ta lanƙwashe.

Yanzu ga wadda nake roƙonka da girman Allah. Mutum in ya fara toshe sanyi daɗi yake ji sai ya bi duk wata kafa ya toshe. Kar ka yi. Motocin nan ana barin musu kafofin iska da gangan, a tagar rufi da kuma can ƙasa, ba kuskuren maƙera ba ne. Dukanmu mun san abin da kaskon garwashi yake yi a ɗaki rufaffe da hunturu a gida, ko hayaƙin janareta, mutane su kwanta lafiya a wayi gari ba su tashi ba. Gubar nan ta kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma motarka ba ta kai rabin ɗakin gida ba. Hitar gazuwal hayaƙinta waje yake fita, wannan ya yi kyau, amma ka riƙa duba bakin salansarta kada dusar ƙanƙara ta toshe shi ko ya zama yana hurawa ƙarƙashin tagar da ka buɗe. Kar ka taɓa kunna murhun gas don jin ɗumi. Ka sayi ƙararrawar kabon monoksaid, ka duba wadda aka rubuta EN 50291-2 a jikinta ita ce aka yi domin motocin kwana da jiragen ruwa, ka kafa ta kusa da gado.

Baban_Hanif

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Jiya da daddare na yi gwajin turaren kuma Dan Winnipeg maganarka ta fito, duka biyun ne. A ƙasan inda ƙofofin baya suke haɗuwa hayaƙin kwanciya yake yi gaba ɗaya, takarda ma zarewa take ba wani riƙo, na riga na yi odar sabuwar roba. A jikin tagogin kuwa babu kafa ko ɗaya amma hayaƙin ƙasa yake bi. Na yanka tabarmar soso na danna a ramukan biyu kuma daren jiya ban ji komai a wuyana ba. Hajiya maganaɗisun firji ya kama ƙarfen sosai, akwai wani tela ɗan Ghana a unguwarmu zan kai masa bayaninki yadda kika rubuta. Ƙararrawar ma na saya yau Malam Dan Damagaram, na gode da wannan tunatarwar.

Saura tagar rufi. Nan ma ina jin sanyi yana saukowa kuma da safe tana ɗiga a kan daɓe, to in ba za a toshe ta ba yaya zan yi da ita?

Dan_Damagaram

Madalla. Tagar rufi za ka iya yi mata murfi amma ba irin na baya ba. Yawancinsu ramin santimita 40 ne a kan 40. Ka leƙa sama da tocila za ka ga ko an kulle ta akwai 'yan ramuka ko tsaga a jikin firam ɗin ta gefe, ta nan iska take fita, su ne ba a taɓawa. Ka yanka soso mai kauri ya tokare gefe biyu kawai domin ya riƙe kansa, sauran gefe biyun ka rage shi kamar santimita 2 kowanne. Tsakiyar da ta fi zubar da zafi ta rufu, iska mai danshi kuma tana da hanyar fita, tunda dama sama take taruwa. Lokacin girki ka cire shi gaba ɗaya ka ɗaga tagar.

Kuma kowace safiya duk murfin nan ka cire su ka goge gilashi da tsumma, ka jingina su kusa da bakin hita ɓangaren da ya jiƙe yana kallon iska kafin ka adana, kar ka tura su ƙarƙashin katifa da danshinsu. Tsumman ma kar ka shanya shi a cikin motar, ka matse shi a waje ka sa a leda. Sabuwar robar in ta zo ka shafa mata man silikon da ita da na sauran ƙofofin, yana hana su daskarewa su manne da ƙarfe, domin yawanci wajen fizgar ƙofa da asuba ne robar take yagewa.

Maman_Ilham

Baban Hanif ka ce wa telan ya rubuta hagu da dama a jikin kowanne ta ciki, tagogin baya suna kama da juna amma ba ɗaya suke ba, a cikin duhu sai ka yi ta juyawa. Kuma ka kai masa kwalin ma'aunin da kansa kar ka ba shi lamba a takarda, kusurwoyin a lanƙwashe suke.